Abdullah Azzam: malamin da ya tara Larabawa a yaƙin Afghanistan

An haifi Sheikh Abdullah Yusuf Azzam ne a shekarar 1941, a ƙauyen Silat al-Harithiya da ke kusa da Jenin a Falasɗinu. Ya karanci Shari'a a Jami'ar Damascus, kuma bayan da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yammacin Kogin Jordan a 1967 sai ya yi ƙaura zuwa Jordan. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Al-Azhar a 1973.

Sai dai ba a ƙasar haihuwarsa ya yi suna ba. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta kutsa Afghanistan a watan Disamban 1979, Azzam ya koma Pakistan, inda a 1984 shi da Osama bin Laden suka kafa ofishin Maktab al-Khidamat a birnin Peshawar, domin karɓar 'yan sa-kai daga ƙasashen Larabawa.

Abin da ya fi tasiri a aikinsa shi ne fatawar da ya bayar, cewa kare ƙasar Musulmi da aka mamaye farilla ce a kan kowane Musulmi a duk inda yake, ba sai da izinin iyaye ko na shugaba ba. Malamai da dama sun saɓa masa, suna ganin nauyin ya fara ne daga mutanen ƙasar. Ya yaɗa wannan ra'ayi ta mujallarsa Al-Jihad da kaset-kaset, ya kuma zagaya biranen Amurka yana neman kuɗi da mayaƙa.

A fagen daga dai rawar da Larabawan suka taka ba ta taka kara ta karya ba. 'Yan Afghanistan ne suka yi yaƙinsu. Illar ta bayyana ne bayan janyewar Sobiyet a watan Fabrairun 1989, lokacin da mayaƙan suka watsu da horo da aƙida. Wasu sun shiga yaƙin basasar Aljeriya, wasu sun nufi Bosniya. Ƙungiyar Al-Qa'ida, wadda ta tsiro daga cikinsu, ita ce ta kai hari kan ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, inda mutane 224 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka.

Shi kansa Azzam ya yi saɓani da su Ayman al-Zawahiri, waɗanda ke son a juya makamai kan gwamnatocin ƙasashen Musulmi. Bai ga inda al'amarin ya kai ba: wani bam ya hallaka shi tare da 'ya'yansa biyu a Peshawar ranar 24 ga Nuwamban 1989, suna kan hanyar zuwa sallar Juma'a.