Abdullahin Gwandu: Malami, mawaƙi kuma jarumin da bai kawar da kai daga laifin mutanensa ba

Wajajen shekarar 1807, a daidai lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke ƙara ƙarfi, babban jagoran mayaƙan jama'ar ya sulale daga cikin runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Ba a ci shi da yaƙi ba, kuma ba wanda ya kore shi. Halin da ya ga mutanensa sun fara shiga ne ya ishe shi.

Wannan jagora shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Ya riƙe takobi, ya riƙe alƙalami, kuma kaifin alƙalamin nasa bai tsaya kan abokan gaba kaɗai ba.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Abdullahi wajajen shekarar 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a hannun mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Yana da shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa, wanda ya zama malaminsa na farko a fannonin Larabci, tauhidi da fiƙihu.

Ya kuma ɗauki karatu wurin wasu manyan malamai, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru da Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da shi Sahihul Buhari. Daga baya ya rubuta littafi na musamman, Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya koya daga kowannensu. Har yau littafin na cikin manyan hanyoyin da masu bincike ke gane yadda tsarin karatu yake a ƙasar Hausa kafin jihadi.

Waƙar da ta fito da shi

Sunan Abdullahi ya fara fitowa ne ta hanyar waƙa, yana ɗan kimanin shekara 20. A lokacin Shehu na yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, maza da mata na taruwa suna saurare. Sai wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙar Larabci yana sukar yadda ake barin mata suna halartar majalisin.

Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Abdullahi ya tsara tasa waƙar a kan ma'auni da amsa-amo irin na mai sukar. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan fitowarsu neman ilimi cikin sutura da kamun kai. Daga nan ya zama bakin jama'ar Shehu a duk lokacin da aka buƙaci amsa a rubuce.

Daga allo zuwa fagen fama

Da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar da Sarkin Gobir Yunfa, sai suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu.

A watan Yunin wannan shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto. Rundunar Gobir ta fi yawa, ga dawakai da sulke, yayin da jama'ar Shehu mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. Abdullahi ne ya jagorance su, kuma suka yi nasara. A waƙoƙinsa ya kwatanta ranar da yaƙin Badar.

Sai dai kafin shekarar ta ƙare an yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka rasu. A 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kebbi, abin da ya buɗe wa jama'ar hanyar komawa Gwandu da zama.

Darasin Alwasa

A ƙarshen 1805 rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa, Abzinawa da Kabawa ta nufo Gwandu. A kan hanyar zuwa tarar su, wasu daga cikin mayaƙan jama'ar suka afka wa wani gari da ke zaman amana da su, suka wawashe shi. Abdullahi da ɗan yayansa Muhammadu Bello sun yi ƙoƙarin hana su, amma ba a saurare su ba.

Da aka haɗu a Alwasa, aka fatattaki rundunar jama'ar, aka kashe mutane da yawa, sauran suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Da kyar aka kare garin.

Abdullahi ya ɗauki wannan a matsayin sakamakon saɓa wa ƙa'idar da aka fito dominta. Abin da ya fi damunsa shi ne mutanen kirkin da aka faro tafiyar da su suna ta ƙarewa a fagen fama, ana maye gurbinsu da waɗanda ganima ta jawo.

Tafiyar da ta tsaya a Kano

Wannan damuwa ce ta kai shi ga barin runduna. A waƙar da ya yi kan tafiyar, ya koka kan rasuwar abokansa, sannan ya zayyana halin waɗanda suka rage: neman mulki da muƙami, tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, dawakan sukuwa a cikin gari maimakon na fagen yaƙi, da karɓar rashawa. Mutanen da yake magana a kansu nasa ne, waɗanda ya jagoranta da kansa.

Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, jama'ar garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam. Littafin ya yi bayanin sharuɗɗan shugaba, ayyukan waziri da alƙali, hanyoyin da hukuma za ta tara dukiya da inda ya halatta ta kashe ta. Ya ja kunne sosai kan mayar da shugabanci sarautar gado da ake ƙwata da ƙarfi.

Bai kai Makka ba. Ya koma wurin Shehu ya ci gaba da aiki, har ya jagoranci yaƙe-yaƙen da suka tsallaka Kogin Kwara zuwa ƙasar Gurma. Amma bai sauya ra'ayi ba. Ya yi saɓanin fahimta a rubuce da Shehu kansa kan batutuwa irin su kaɗe-kaɗe, tufafin ado da laƙabobin sarauta, inda shi ya fi tsanantawa, Shehu kuma ya fi sassautawa. Kowannensu ya kawo hujjojinsa a littafi, kuma hakan bai raba su ba.

Ƙofar Sakkwato da sulhun Kalambaina

A 1812 Shehu ya raba kula da daular gida biyu: gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuma riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya juya ba tare da ya ja daga ba, ya koma Gwandu.

An yi 'yan shekaru ba sa ga-maciji. Sai tawaye ya ɓarke a Kalambaina kusa da Gwandu, Abdullahi ya kasa murƙushe shi shi kaɗai. Bello ya taso da runduna ya kawo wa baffansa ɗauki, aka ci garin. A nan ne Abdullahi ya amince da shi a matsayin Sarkin Musulmi, shi kuma Bello ya tabbatar masa da ikon yammacin daular. Wannan sulhu ne ya sa Sakkwato da Gwandu suka ci gaba da tafiya tare har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, kuma daga baya masarautu irin su Nufe da Ilori suka kasance ƙarƙashin Gwandu.

Abin da ya bari

A shekarunsa na ƙarshe ya bar wa ɗansa Muhammadu da sauran mataimakansa yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma hubbarensa na can ana ziyarta.

Ya bar gomomin littattafai. A tafsiri akwai Diya'ut Ta'wil, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, da ƙaraminsa Kifayatu Du'afa'is Sudan da ya sauƙaƙa domin ɗaliban ƙasar nan. A nahawu da sarfu akwai Al-Bahrul Muhit da Al-Hisnur Rasin, dukkansu a waƙe. Ƙwarewarsa a harshen ce ta sa ake yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

Wanda ya fi bayyana mutumin kansa shi ne Tazyinul Waraƙat na 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa, ya kuma bayyana dalilin yin kowace. A ciki akwai yabon malamansa, murnar nasara, makokin abokai da kuma sukar mutanensa, bai cire ko ɗaya ba. An buga fassararsa ta Ingilishi a Ibadan a 1963.

Ilimin da ya dasa ya daɗe a garin. A 1853, zamanin ɗansa Sarki Halilu, matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, a Gwandu ya samu kwafin Tarikhus Sudan, littafin tarihin daular Songhai.

A yau zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu, kuma fadar da ke Birnin Kebbi sunansa take ɗauke da shi. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi irin su Gwandu, Jega, Bunza da Kalgo, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake. Ɗaliban da ke karatu a waɗannan wurare ba sa buƙatar zuwa nesa neman rubutu kan riƙon amana da dukiyar jama'a. Tambayoyin da Diya'ul Hukkam ya yi wa masu mulki, daga ina kuɗin hukuma ke fitowa, ina suke tafiya, wa ke da hakkin riƙe muƙami, su ne dai talakan Kebbi ke yi har gobe.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya kyautata makwancinsa.