Takashi Amano: Ɗan tseren keken da ya raya fadama a cikin gilashi

Yaron da ya tashi a ƙauyukan Rano ko Kibiya ya san kamannin kududdufi a tsakiyar damina: bado ya shimfiɗa ganye, kainuwa na yawo a gefe, ƙananan kifaye na wulgawa. Abin da bai cika gani ba shi ne cikin ruwan, domin ruwan ja ne, kuma daga sama ake kallonsa. Wani mutumin Japan, Takashi Amano, ya ƙarar da rayuwarsa wajen nuna wa jama'a wannan ɓoyayyen wuri. Yakan shuka tsirran ruwa a cikin akwatin gilashi, ya jera duwatsu da itace, ya saki kifaye, sannan ya ɗauki hoton abin kamar mai ɗaukar hoton daji.

An haife shi ranar 18 ga Yuli, 1954, a garin Maki da ke lardin Niigata, yankin da ya yi suna wajen noman shinkafa. Kusa da garin akwai wata babbar fadama mai suna Yoroigata, inda ya yi wasan ƙuruciya, ya kama kifi, ya saba da tsirranta. A cikin shekarun 1960 hukuma ta kammala zuƙe ruwan fadamar, aka mayar da ita gonakin shinkafa. Ƙasar na buƙatar abinci, ba wanda zai musa haka, amma wurin da yaron ya sani ya tafi ke nan. Mutanen ƙasar Kano ba baƙi ba ne ga irin wannan ciniki. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta raya noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, amma ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama a can.

Sana'ar da Amano ya fara ba ta da alaƙa da ruwa. Ya zama ƙwararren ɗan tseren keke, irin wanda Japanawa ke kira keirin, ya kuma yi tsere sama da 1,000 kafin ya ajiye keke a 1990. Kuɗin tseren ne ya riƙa zubawa a kan kyamarori da kifaye da tsirrai.

A wancan lokaci kiwon kifin ado ba sabon abu ba ne. Tun a 1850 wani masanin kimiyyar sinadarai na Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiro da dodon koɗi za su iya zama a tulun gilashi ɗaya ba tare da ruwan ya lalace ba, domin abin da wannan ya fitar shi ne abincin wancan. Mutanen Holan kuma sun ƙware wajen jera tsirran ruwa layi-layi kamar lambun furanni. Sai dai ga yawancin masu kiwo, tsiro ado ne kawai: a saya, ya yi rawaya, ya ruɓe, a sayo wani.

Shi ma Amano haka tsirransa suka riƙa mutuwa, har zuwa wajajen 1977, lokacin da ya gwada zuba ruwan soda a cikin akwatinsa. Ba a jima ba ƙananan kumfa suka bayyana a jikin ganyaye. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya yi kimiyyar firamare: tsiro na haɗa abincinsa da haske da iskar kabon, ya fitar da iskar oksijin. A akwatin gilashi iskar kabon ba ta isa, shi ya sa ko an ƙara fitila da taki, tsiron ba ya amfana da su, sai gansakuka ta cinye ribar. Daga nan ya shiga ƙera na'urar da ke sakin iskar daga tukunyar ƙarfe a hankali, ƙwaya-ƙwaya, gwargwadon abin da tsirrai za su sha ba tare da kifaye sun shaƙe ba. A 1982 ya kafa kamfaninsa, Aqua Design Amano, wanda ya shahara da kayan wannan aiki, har da wata irin baƙar ƙasa ta shuka da dogayen almakasai na aske tsirrai a cikin ruwa.

Gansakuka kuwa, maimakon ya yaƙe ta da magani, sai ya nemo mai cin ta. Ya samu wani ƙaramin jatan lande na kogunan Japan, ya riƙa zuba shi da yawa. A yau masu kiwon kifin ado a ko'ina da sunan Amano suke kiran wannan halitta.

Inda ya fi barin tarihi shi ne tsari. Ya ƙi jeri na layi-layi, ya koma kallon yadda kogi ke ajiye kayansa. A salon da ake kira iwagumi, wanda ya samo daga lambunan duwatsu na Japan, ana amfani da duwatsu uku ko biyar ko bakwai, ba a yin adadi mai rabuwa biyu daidai. Babban dutsen ba ya zama a tsakiya, ana gusar da shi gefe, a ɗan karkata shi kamar ruwa ne ya daɗe yana tura shi, sauran kuma su bi bayansa. Ana tudunta ƙasa daga baya ta gangaro gaba, don ido ya ga nisa a akwatin da faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba. Gajerun tsirrai a gaba, dogaye a baya, sannan a bar fili. Kifi ma iri ɗaya yakan zaɓa, ƙanana, masu tafiya garke. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin duwatsun Rurum bayan ruwan sama, ya ga yadda ciyawa ke bin tsagar dutse, zai gane abin da mutumin ke nema.

Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, cikin tsirran da ya fi ɗaurawa a jikin itace akwai 'yan asalin Afirka ta Yamma. Ɗaya shi ne Anubias barteri, mai kaurin ganye, mai jure inuwa, wanda ke fitowa a bakin ƙoramun kudancin Najeriya da Kamaru. An raɗa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo ayarin Baikie zuwa Kogin Kwara a 1857, ya mutu a Rabba a 1859.

Amano bai ɗauki hoto a matsayin abin da ake yi bayan an gama aiki ba. Tun daga 1975 yake shiga dazuzzukan Amazon da Borneo da Afirka ta Yamma da na ƙasarsa, ɗauke da manyan kyamarori masu cin fim mai girman inci 8 da 20. Irin wannan fim na kama kowace jijiyar ganye, amma yana da tsada da nauyi, kuma ba ya yafe kuskure. Da wannan horon ya tunkari akwatunansa. Akan aske tsirrai kwanaki kafin ranar hoto don su tofo daidai, a goge gilashi, a cire bututu da duk wata na'ura, a haska daga sama, a hura iska a fuskar ruwa don ta yi ƙyalli, sannan a zauna jiran kifaye su jeru su fuskanci gefe guda. Littafinsa na farko na irin waɗannan hotuna ya fito a Japan a 1992, fassararsa ta Turanci mai suna Nature Aquarium World ta biyo baya a 1994, kuma ita ce ta kai sunansa Turai da Amurka. A 2008, a taron shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki da aka yi a Hokkaido, an kafe manyan hotunansa biyu na tsofaffin itatuwan tsibirin Sado.

Ba a rasa abin faɗa a kansa ba. Kayan kamfaninsa na da tsada ƙwarai. Dajin da yake ginawa kuma ba ya nan a ko'ina a duniya, domin yakan haɗa tsiron Kamaru da kifin Brazil da dutsen Japan a wuri ɗaya. Gasar duniya da kamfaninsa ya ƙirƙiro a 2001, wadda daga baya masu shiga suka haura 2,000 a shekara daga ƙasashe sama da 60, da hoto ake yanke hukuncinta, wannan ya sa wasu ke gina akwati don rana ɗaya tak, a ɗauki hoto a rushe. Shi kansa ya fi daraja akwatin da zai daɗe ana kula da shi, kamar wanda ya kafa a gidansa mai tsawon mita 4.

Aikinsa na ƙarshe shi ne mafi girma. Gidan nunin halittun ruwa na Lisbon, babban birnin Fotugal, ya gayyace shi ya tsara akwati mai tsawon mita 40, mai cin lita 160,000 na ruwa. An zuba tan 25 na duwatsun aman wuta daga tsibiran Azores, da kututturan itace 78, da tsirrai iri 46, da kifaye sama da 10,000. Yana fama da rashin lafiya ya je ya tsaya a kan aikin da kansa, yana nuna inda kowane kututture zai kwanta. An buɗe wurin a watan Afrilun 2015. Ranar 4 ga Agusta na wannan shekara ciwon huhu ya yi ajalinsa a Niigata, yana da shekara 61.

An shirya nunin na Lisbon ne na ɗan wa'adi, amma ya zarce da shekaru masu yawa, inda ma'aikatan gidan suka riƙa shiga ruwan da almakashi suna aske tsirran bisa tsarin da ya bar musu.