Alu Maisango: Sarkin Kano da ya yi shekara 9 yana mulki, ya yi 23 a tsare

A unguwar Kabawa da ke Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, akwai kaburburan wasu sarakunan Arewa da Turawan mulkin mallaka suka tuɓe, suka raba su da ƙasashensu har ƙarshen rayuwarsu. Daga cikinsu akwai Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu Maisango. Shi ne sarki na ƙarshe da ya mulki Kano kafin zuwan Turawa. Ya yi kusan shekara 9 a kan gado, sannan ya yi shekara 23 a hannun waɗanda suka ci garinsa. An fi tuna shi da yaƙi, amma zamansa a tsare shi ne ya fi tsawo, kuma shi ya sauya makomar gidansa.

Jinin Dabo, jinin Shehu

Alu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Ibrahim Dabo, wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a 1819. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sunan wannan kakan nasa ya ci. Ke nan ya gaji Kano ta wajen uba, ya gaji Sakkwato ta wajen uwa. Laƙabinsa kuwa ya samo shi ne daga sango, makamin nan da ake ɗura wa bindiga domin harbin giwa.

Mahaifinsa ya hau gado a 1855, ya daɗe yana mulki, ya bar 'ya'ya masu yawa. Da ya rasu sai aka naɗa ƙanensa Muhammadu Bello. Shi kuma ya shiga sauke 'ya'yan wansa daga muƙamai yana share wa ɗansa Tukur hanya. Daga nan wutar da ta ci Kano ta fara ruruwa.

Yaƙin Basasa

Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa Galadima Tukur, wanda ya yi masa bajinta a yaƙin Argungu, duk da cewa zukatan manyan Kano da yawa suna wajen Yusufu ɗan Abdullahi. Yusufu ya fice daga birni tare da 'yan uwansa, suka kafa sansani a Takai. Ƙasar Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, ɗan uwa ya zare wa ɗan uwa takobi.

Ana cikin yaƙi Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jama'arsa suka miƙa jagoranci ga ƙanensa Alu. Zaɓen yana da hikima, domin ana ganin Sakkwato ba za ta daɗe tana juya wa jikanta baya ba. A wannan shekarar Alu ya shiga Kano da ƙarfin yaƙi. Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi, aka kashe shi a Tafashiya a farkon 1895. Sakkwato ba ta da yadda za ta yi sai ta karɓi abin da ya faru. Amma dangantakar Alu da Abdurrahman ba ta taɓa yin daɗi ba, kuma jinin da aka zubar a Basasa ya bar tabo a gidaje da yawa.

Sarkin da bai huta ba

Alu bai sami sararin zama ya more sarauta ba. Daga kudu akwai hare-haren Ningawa da suka daɗe suna addabar garuruwan bakin iyaka. Daga arewa kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya shigo ƙasar Kano da bindigogi a ƙarshen shekarun 1890, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Wannan barazana ba ta kau ba sai da Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Darasin a fili yake: wanda ya gagari Kano, ga shi baƙi sun kayar da shi cikin ɗan lokaci.

Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa, a garin Lakwaja. Sarakuna suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Bida da Kwantagora da Yola a 1901, sannan Turawa suka sauka a Zariya a 1902. Alu ya sa aka gyara ganuwar birni, aka ƙarfafa garuruwan da ke kan hanyar Zariya. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan shi ne dalilin da Lugga ya riƙe na kawo yaƙi.

Ƙofar Bebeji

A farkon Janairun 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mahaya kimanin 2,000 domin yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a, bayan rasuwar Abdurrahman. Yana can Kanar Morland ya tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairu da sojoji sama da 700, da igwa 4, da bindigogi masu sarrafa kansu guda 4. Yawancin sojojin 'yan ƙasar nan ne, cikinsu har da Hausawa.

Garin da ya fara tarar su shi ne Bebeji, da ke kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Ranar 1 ga Fabrairu mutanen garin suka rufe ƙofa, suka ƙi buɗewa, bisa amanar da ke tsakaninsu da sarkinsu. Harsashin igwa ya tarwatsa ƙofar, ya kashe Sarkin Bebeji da wasu manyan mutanensa da ke bayanta. Labarin ya riga rundunar isa gaba, garuruwan da ke kan hanya ba su tsaya faɗa ba. Don haka jinin farko da aka zubar domin kare ƙasar Kano, a kudancinta aka zubar da shi, kwana biyu kafin a iso birni.

Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi. Sarkin Shanu Muhammadu, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki da aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a fada yana faɗa har aka kashe shi.

Daren da sarki ya bar rundunarsa

Labarin faɗuwar Kano ya riski Alu yana kan hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara. Cikin dare ya fice daga sansaninsa da mutane kaɗan, ya nufi arewa. Rundunar ta wayi gari ba sarki, sai ta dare biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, ya faɗi a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu. Wambai Abbas ya jagoranci sauran zuwa Kano, ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu. Dukansu uku 'ya'yan mutum ɗaya ne, kowa da hanyar da ya bi a rana ɗaya.

Wannan dare shi ne abin da masana tarihi suka fi saɓani a kai game da Alu. Turawa sun rubuta shi a matsayin gudu. Wasu malamai kuma suna ganin niyyar hijira ce zuwa gabas, irin wadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, sauran mabiyansa suka kai Sudan suka kafa Mai Wurno. Shi dai Alu bai yi nisa ba. An kama shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa.

Lakwaja, masaukin tuɓaɓɓun sarakuna

An fara kai shi Yola, daga baya aka mayar da shi Lakwaja. Korar sarki daga ƙasarsa dabara ce da Turawa suka riga suka saba da ita. Ingila ta kai Oba na Benin Ovonramwen Kalaba, ta kai Sarkin Asante Prempeh tsibiran Seychelles. Faransa ta kai Samori Ture Gabon, inda ya rasu a 1900. Kashe sarki yana iya tayar da jama'a, barinsa a gida kuma yana hana sabon sarki zama da gindinsa. Nisantar da shi ya fi sauƙi.

Lakwaja ta dace da wannan aiki. Gari ne a mahaɗar Kwara da Binuwai, wanda ya bunƙasa bayan William Baikie ya kafa zango a wurin wajen 1860, ya tara 'yantattun bayi da 'yan kasuwa, Nufawa da Hausawa da Yarbawa da sauransu. Akwai barikin soja, akwai idon Turawa, kuma babu wani tsohon gidan sarauta na daular Usmaniyya da baƙon sarki zai jingina da shi. Nan aka kai Etsu Nupe Abubakar, da Sarkin Zazzau Kwasau, sannan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi bayan an tuɓe shi a 1920.

Ba kurkuku mai ƙofar ƙarfe aka sa su ba. Sun zauna ne a gidaje tare da iyalai da barorin da suka biyo su, sai dai ba su da ikon barin gari. A haka hukuncin da aka yanke wa mutum ɗaya ya zama ƙaurar gida guda. An yi aure, an haihu, an binne mamata, har waɗanda aka kawo da ƙarfi suka zama mazauna. Shi ya sa a yau ake samun iyalai a Lakwaja da salsalarsu ke komawa fadar Kano ko Zazzau ko Bida.

Abin da ya biyo baya

Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, bai sake taka ƙasar Kano ba. A wannan shekarar ce ɗan uwansa Sarki Usman, wanda ya gaji Abbas a 1919, shi ma ya rasu, aka naɗa Abdullahi Bayero ɗan Abbas. Tun daga nan sarautar Kano ba ta bar gidan Abbas ba. Nasarar da Alu ya ci a Basasa ce ta tabbatar da gadon a zuriyar Abdullahi Maje Karofi, amma 'ya'yansa da jikokinsa ba su hau shi ba.

Dabarar da aka yi amfani da ita a kansa kuwa ba ta tafi tare da Turawa ba. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kai Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya Azare. A 1996 gwamnatin soja ta kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki Zing. A 2020 gwamnatin Kano ta kai Sarki Muhammadu Sanusi na biyu Loko, sannan Awe a Jihar Nasarawa. Sai a watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wannan kora ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa, shekara 118 bayan an fita da Alu Maisango daga ƙasarsa.