Ahnaf Ɗan Ƙaisu, Shugaban Da Ya Koya Wa Kansa Danne Zuciya

A filinmu na tarihin mazan jiya wannan karon za mu leƙa Basra ta ƙasar Iraƙi, mu ɗauko mutumin da Larabawa har gobe suke buga misali da shi wajen haƙuri. Mun zaɓo shi ne musamman domin magidantanmu da suka ba arba'in baya, ga iyali, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga 'yan'uwa a Arewa suna jiran aike, abu kaɗan sai zuciya ta hau.

Ahnaf laƙabi ne, ma'anarsa mai karkatacciyar ƙafa, don haka aka haife shi. Ɗan ƙabilar Tamimu ne. Ya riski zamanin Manzon Allah (SAW) amma bai gan shi ba, saboda haka cikin Tabi'ai ake lissafa shi. Masu tarihi sun siffanta shi da gajere, marar gemun kirki, daga baya ma ya rasa ido ɗaya. Wato dai ba siffa ce ta ba shi girma ba. Da ya je Madina wurin Sayyadina Umar, sai Halifa ya ji fasahar bakinsa ta yi yawa, ya tsare shi shekara guda cur yana lura da shi, don tsoron kada ya zama mai zaƙin baki ne kawai. Da shekara ta cika bai ga aibu ba, ya sallame shi, ya kuma umarci gwamnan Basra, Abu Musal Ash'ari, da ya riƙa neman shawararsa.

Ita Basrar nan, in an lura, zango ce. A zamanin Umar aka kafa ta a matsayin sansanin mayaƙa, ƙabilu suka taho daga nesa, kowace ta kama unguwarta da shugabanta. Duk wanda ya zauna Sabo ya san irin wannan zama: mutum ɗaya ya yi wauta, a ɗora wa unguwa baki ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, Ahnaf da kansa ya sha faɗin cewa shi ba mai haƙuri ba ne a halitta, tilasta wa kansa yake yi har ya saba. Ya kuma faɗi inda ya koya. Wata rana yana zaune wurin wani dattijon Tamimu, Ƙaisu ɗan Asim, ana hira a ƙofar gida, sai ga mutane ɗauke da gawa, ga wani saurayi a ɗaure. Gawar ta ɗan Ƙaisu ce, wanda ya kashe shi kuwa ɗan ɗan'uwansa ne. Tsohon nan bai ko gyara zama ba, sai da ya ƙarasa maganar da yake yi. Sa'an nan ya nuna wa saurayin girman ɓarnar da ya yi wa kansa da danginsa, ya sa wani ɗansa ya kwance shi, a binne mamacin, a kuma kai wa uwar yaron raƙuma 100 diyya, domin ita baƙuwa ce a cikinsu, ba ta da dangi kusa. Ku duba fa, a cikin wannan tashin hankali har ya tuna da baƙuwa.

Daga nan Ahnaf ya ɗauki hanya. Ana ba da labarin wani da ya bi shi yana ta zaginsa, shi kuwa yana tafiyarsa ko waiwaye. Da suka kusa unguwar Tamimu sai ya tsaya, ya roƙi mutumin ya zazzage sauran abin da ke bakinsa a nan, kada samarin unguwa su ji su illata shi. Ba duk labaransa ne muke yabawa ba. Akwai na wani da aka yi wa alkawarin lada in ya mari shugaban Tamimu, ya zo ya mari Ahnaf. Ahnaf bai rama ba, sai ya nuna masa ai ya yi kuskure, shugaban wani ne dabam, ya tura shi wurin wani mai zafin kai, can aka sare masa hannu. Wannan kam ramuwa ce ta bayan gida, ba haƙuri ba.

Kada wani ya zaci ragwanci ne ya sa shi sanyi. A zamanin Sayyadina Usman, wajen shekarar 652, shi ya jagoranci rundunar da ta buɗe Marwur Ruz da Balkh a yankin Khurasan. A yaƙin Raƙumi na 656 ya janye dubban takubban Tamimu gefe, bai bari sun shiga jinin Musulmi ba, amma a Siffin a 657 ya tsaya tare da Sayyadina Ali. Da Mu'awiya ya tara manya don a yi wa ɗansa Yazidu mubaya'a, kowa na zuba yabo, Ahnaf ya yi gum. Da aka matsa masa, sai ya nuna cewa in ya yi ƙarya Allah yake tsoro, in ya faɗi gaskiya su yake tsoro. Shi Mu'awiya ɗin ne aka ruwaito ya bayyana shi da mutumin da in ya yi fushi Tamimawa 100,000 za su yi fushi ba tare da sun tambayi dalili ba.

To, a nan ne maganar take. Fushin saurayi nasa ne shi kaɗai. Fushin magidanci kuwa yana da mabiya: 'ya'ya, yaran shago, 'yan ɗako, almajirai. Mun ga yadda rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, a Fabrairun 2021, ya faro daga cacar bakin mutane ƙalilan, aka ƙare da asarar rayuka da ƙone-ƙone.

Babbar jarrabawar Ahnaf ta zo bayan mutuwar Yazidu a 683. Basra ta rikice, aka kashe Mas'udu ɗan Amru, shugaban ƙabilar Azdu, aka ɗora laifin a kan Tamimu. Azdu da abokansu Rabi'a suka yi gangami. Tamimawa suka cika ƙofar Ahnaf suna neman ya ba da izinin faɗa, shi kuwa yana jan ƙafa. Har wata mata ta kawo masa kaskon turare, wai ya zauna ya yi turare tunda ya zama mace. Kowa ya san zafin irin wannan gori a gaban jama'a. Bai tanka ba. Duk labarin ta'adin da aka kawo masa, sai ya nemi shaidu tukuna. Da abin ya tabbata ya bari mutanensa suka fita kare kansu, amma bai rufe ƙofar sulhu ba, har aka daidaita a kan Tamimu su biya diyyar Mas'udu mai nauyin gaske, shi ya tsaya aka biya. Wasu nasa sun ga kamar ya ba da kai. Garin dai ya tsira.

In muka duba dabararsa, ba haɗiye baƙin ciki ba ce irin wadda mutum zai yi ta ƙunsa har hawan jini ya kama shi, ko ya dawo gida ya sauke a kan uwargida da yara. Jinkiri yake yi, ya kama bakinsa lokacin da jini ke tafasa, ya bincika, sa'an nan ya faɗi gaskiyarsa a inda za ta yi amfani, in akwai haƙƙi a biya. Ya yi daidai da abin da malamanmu suke karantarwa, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi alwala, kuma ƙarfin namiji ba a kokawa ake gane shi ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya bi Mus'abu ɗan Zubairu, gwamnan Iraƙi na lokacin, zuwa Kufa, can ajali ya same shi, a wajen shekarar 687 bisa ruwayar da ta fi shahara. Mus'abu da kansa ya taka da ƙafa cikin masu rakiyar gawarsa, ko mayafi bai yafa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.