MARIGAYI DOKTA BARAU DIKKO, LIKITA NA FARKO DAGA AREWA

A duk lokacin da aka tashi ba da tarihin koyon aikin likita a Arewacin Nijeriya, tilas a fara da sunan marigayi Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, domin shi ne ɗan Arewa na farko da ya sami cikakkiyar shaidar likita irin ta zamani. Yau ana da makarantun likita a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kaduna, har ma masu hannu da shuni sun shiga kafa nasu jami'o'in. Amma akwai lokacin da duk faɗin Jihar Arewa likita ɗan ƙasa bai wuce mutum ɗaya ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Barau Dikko a Zariya cikin shekarar 1912. Bafulatani ne, Kirista, ya kuwa tashi a hannun Turawan Mishan na C.M.S. waɗanda Dokta Walter Miller yake shugabanta. Shi wannan Miller likita ne, yana cikin ayarin da ya iso Kano a 1900, Sarkin Kano Alu ya hana su zama, suka juya. Daga baya ya sami wurin zama a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, waɗanda aka mayar Wusasa a 1929. A wannan makaranta Dikko ya fara karatu, kuma Miller ne ya tsaya masa har ya kai inda ya kai.

A wancan zamani babbar makarantar Arewa ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa musamman domin horar da malaman makaranta. Ba a shirya ta don wanda yake nufin karatun likita ba. Saboda haka sai da Dikko ya tafi Ikko, ya shiga King's College, sa'an nan ya ƙetare zuwa Ingila, inda ya karanci aikin likita a Jami'ar Birmingham. Ya gama a ƙarshen shekarun 1930. In aka tuna cewa tun cikin shekarun 1870 Ikko ta sami likita ɗan ƙasa, watau Dokta Nathaniel King, za a ga ratar da ke tsakanin Kudu da Arewa a wannan fanni ta haura shekara sittin.

Aikin gwamnati

Dokta Dikko ya komo gida ya kama aikin gwamnati a 1940. Bai tarar da hanya a share ba, domin tun 1902 Turawan mulki suka ware babban rukunin likitocin Afirka ta Yamma ya zama na Turawa zalla, aka bar likita baƙar fata a wani rukuni na ƙasa, da albashi na ƙasa, ko da kuwa jami'a ɗaya ta yaye su. Jama'a kuma ba su saki jiki da asibiti ba tukuna. Da yawa ba sa kai marar lafiya sai wanzami da mai magani sun gaza. Samun likita wanda yake jin Hausa kamar kowa, ya san kunya da al'adun gidajen mutane, ba ya bukatar tafinta tsakaninsa da majinyaci, ba ƙaramin abu ba ne wajen kawar da wannan tsoro.

A hankali ya yi ta hawa. Ya zama babban likita a 1953, a 1957 kuma aka ba shi babban muƙami a sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Wannan fage shi ne mafi nauyi a lokacin. Ciwon barci ya riga ya tashi ƙauyuka a ƙasar Zazzau, har ya sa gwamnati ta yi aikin Anchau, inda aka sare kurmin da ƙudan tsando ke ɓuya, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Kuturta ta yi yawa, sai cikin shekarun 1950 aka bazu da rarraba ƙwayoyin maganinta a ƙananan ɗakunan shan magani maimakon tsare kutare a wuri ɗaya. Sanƙarau yana zuwa da bazara, agana kuma ba a rabu da ita a Nijeriya ba sai a 1970. Irin wannan aiki ba na zama a ofis ba ne: aikin rangadi ne, da allurar rigakafi, da neman goyon bayan sarakuna da hakimai da dagatai. Bayan samun mulkin kai Dokta Dikko ya kai matsayin Babban Sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Arewa.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

Ba a asibiti kaɗai aka san shi ba. A 1948 shi da wasu 'yan boko na Zariya da Kaduna, ciki har da Malam D. A. Rafih da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, suka soma tarurrukan da suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taron da aka yi a Kaduna cikin watan Yuni na 1949 aka zaɓe shi shugabanta na farko. Cikin waɗanda suka riƙe muƙamai tare da shi akwai Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da Malam Yusuf Maitama Sule. Manufar ƙungiyar ita ce yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Abin lura a nan shi ne, taron da kusan dukansa Musulmi ne ya ɗora Kirista a kan kujerar shugabanci, saboda iliminsa da natsuwarsa.

Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, watau N.P.C., sai doka ta hau kan ma'aikatan gwamnati: ko aiki ko siyasa. Dokta Dikko ya zaɓi aikinsa. Ya sauka daga shugabancin jam'iyyar da daga baya ta kafa gwamnati a Kaduna da Ikko, ya koma wurin majinyata. A lokacin masu sha'awar siyasa suna da yawa, likitoci kuwa ana ƙirga su da yatsu.

Duk da haka mulki bai ƙyale shi ba. A 1967, ana gab da yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya shigo da farar hula cikin Majalisar Zartarwa ta Tarayya, ya naɗa Dokta Dikko Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki. A zamaninsa aka kafa dokar man fetur ta 1969, wadda ta tabbatar da cewa duk man da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya mallakar gwamnati ne. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu a 1977.

Abin da ya biyo bayansa

Matsalar da rayuwarsa ta nuna, watau sai ɗan Arewa ya ƙetare teku kafin ya zama likita, ta daɗe ana neman maganinta. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Arewa ta buɗe makarantar likita a Kano domin horar da mataimakan likitoci, amma ba ta daɗe ba aka rufe ta. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likita a Zariya, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda shi ma ɗan makarantar Wusasa ne. Jami'ar Bayero ta bi sahu cikin shekarun 1980, aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. A 2012 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Jami'ar Northwest, wadda ta fara karatu a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa, daga baya aka mayar da tsohon Asibitin Nassarawa ya zama asibitin koyarwarta.

Jami'o'i masu zaman kansu kuwa sun soma ne a 1999, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da izni ga Igbinedion da Babcock da Madonna, dukansu a Kudu. A 2017 aka ba Jami'ar PAMO ta Fatakwal izni, wadda ba ta koyar da kome sai ilimin likita da danginsa. Kano ta sami jami'a mai zaman kanta ta farko a 2018, watau Skyline, sa'an nan Jami'ar Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila a 2021, da ta Khalifa Isyaku Rabi'u a 2022. Fannonin kiwon lafiya, kamar aikin jinya da gwaje-gwajen asibiti da lafiyar jama'a, suna cikin abin da ya fi jawo ɗalibai zuwa irin waɗannan makarantu.

Sai dai gina azuzuwa ya fi yin likita sauƙi. Karatun yana cin shekara shida, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ba ta amince wa makaranta sai ta ga malamai da kayan aiki da asibitin koyarwa mai isassun gadaje, kuma ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Ɗalibin da ya shiga inda ba a amince da shi ba yana iya ɓata shekarunsa da dukiyar iyayensa a banza. Bayan wannan ga tsadar kuɗin makaranta, wadda take rufe wa ɗan talaka ƙofa, ga kuma yadda likitocin da aka sha wahalar horarwa suke kwarara zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. Dikko ya je Ingila ya komo. Yanzu a gida ake koyo, a tafi da ilimin waje.

A Kaduna akwai asibitin da aka gina domin jinyar Turawa a zamanin mulkin mallaka. Yau sunan Barau Dikko yake ɗauke da shi, kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Ɗaliban da suke zagayen gadajensa, da takwarorinsu na Kano da sauran wurare, ko gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ko iyayensu, suna da ma'auni a rayuwar wannan bawan Allah: ya sami ilimin da babu wanda yake da shi a ƙasarsu, ya kawo shi gida, ya kuma tsaya a kansa lokacin da siyasa ta yi masa tayin abin da ya fi shi armashi.