Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: Malamin da ya ƙaryata labarin cewa yana tashi sama

Daga Sakkwato har Kazaure, da wuya a sami yaron da ya tashi bai ji labarin wata karama ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba. Ana cewa ana naɗe masa ƙasa ya je Makka da Madina ya dawo, yana tafiya a kan ruwa, yana tashi sama, aljanu kuma suna yi masa hidima. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan labarai sun iske Shehu da ransa, kuma da ya ji su sai ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata su.

Tambayar da wannan ya tayar tsohuwa ce, har yau kuma ba ta mutu ba: idan jama'a suka ɗauka mutum yana da wani iko na ɓoye, kuma wannan zato yana jawo masa kwarjini da mabiya, wajibi ne ya gaya musu gaskiya? A Turai da Amurka an daɗe ana wannan muhawara a kan 'yan dabon da ke nuna kamar suna karanta abin da ke zuciyar mutum. Harry Houdini, shahararren ɗan dabon Amurka, ya riƙa shaida wa masu kallo cewa dabara ce kawai yake yi, a shekarar 1926 kuma ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar yana goyon bayan ƙudurin hana duba don kuɗi a birnin Washington. Derren Brown na Ingila yakan sanar tun farko cewa wasansa rufa-ido ne da sanin halayyar ɗan Adam. Wasu kuwa, irin su Uri Geller a shekarun 1970, sun ce baiwa ce ta gaske ke lanƙwasa musu cokali.

Shehu ba mai wasa ba ne, babu kuma wata dabara da ya ɓoye wa kowa. Mutane ne suka jingina masa abin da bai ce yana da shi ba. Sai dai jarrabawar da ya fuskanta ta fi ta ɗan dabo nauyi, domin ɗan dabo kuɗin kallo kawai zai rasa idan ya tona kansa, shi kuwa Shehu jagoran al'umma ne da ke cikin yaƙi, wadda irin wannan labari zai ƙara wa mayaƙanta ƙarfin zuciya.

Daga Maratta zuwa Degel

An haifi Usmanu a ranar 15 ga Disamba, 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir, wurin da yanzu yake Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne daga Fulanin Toronkawa, mahaifiyarsa kuma Hauwa. A Degel ya girma, ya yi karatun Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan ya bi malamai da dama, ciki har da kawunsa Usmanu Binduri da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas.

Yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi, wajen 1774. Ya zaga Kabi da Zamfara, inda ya shafe kimanin shekara biyar yana karantar da manoma da makiyaya, maza da mata, cikin Fulatanci da Hausa. Tun a wannan lokaci, yaƙi da masu cin abinci da jahilcin talaka na cikin manyan jigogin karatunsa. A littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan hukunci a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa ko lissafin taurari ko labarin aljanu ko kukan tsuntsaye. A cikin littafin kuma ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗaliban waje don neman suna.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya raba musu kyauta. Tarihi ya nuna Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka miƙa masa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Daga nan sunansa ya ƙara bazuwa, Degel ta cika da ɗalibai.

Zamanin jiran Mahadi

Farin jinin Shehu ya zo daidai da wani yanayi na musamman. Shekarar 1200 ta Hijira ta kama a ƙarshen 1785, malamai da yawa kuma, bisa rubuce-rubucen magabata irin su Imam Suyuɗi, suna sa ran bayyanar Mahadi a farkon wannan ƙarni. Jama'ar da haraji da kamun bayi da zaluncin fada suka gallaba ta ga malami matashi wanda sarki ya saurara masa, nan da nan aka fara raɗe-raɗin cewa ai shi ne wanda ake jira.

Dangantaka da fadar Alƙalawa ta lalace a zamanin Sarki Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi ban da Shehu, ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya gaje shi, abu ya ƙara tsami. Akwai riwayar da ta shahara cewa Yunfa ya kira Shehu fada ya ɗana masa bindiga, sai ta fashe ta ƙona shi kansa. Irin wannan labari, a bakin mutanen da ke cikin tsoro, ya fi kowace fatawa saurin tafiya.

A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, inda jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. A watan Yuni suka ci rundunar Gobir a Tabkin Kwatto. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito sun rasa kimanin mutum 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 suka sake shan kashi a Alwasa, ga yunwa, ga cuta. Mutanen Shehu da kansu ne suka rubuta waɗannan asarori, suka bar wa na baya shaidar cewa da jini da haƙuri da shiri aka yi nasara, har Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Tutocin jihadi sun isa gabas, cikin waɗanda suka yi fice a arewacin Kano kuwa akwai Ɗan Tunku. Bayan rasuwar Sarkin Kano Sulaimanu a 1819 ya ƙi bin Ibrahim Dabo, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ta hanyar amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Saboda haka mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa, da maƙwabtansu na Babura, magada ne na kai tsaye ga wannan tarihi, da abin da ya ƙunsa na gaskiya da abin da baki ya ƙara masa.

Abin da ya musanta, da abin da bai musanta ba

Bayan nasara Shehu ya janye daga harkar mulki. Ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, a 1812 kuma ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Bello, wanda ya riƙe gabas. A waɗannan shekaru na ƙarshe ne ya rubuta Tahzirul Ikhwan, littafin gargaɗi ga 'yan'uwa a kan da'awar Mahadiyya.

A ciki ya bayyana ƙarara cewa shi ba Mahadi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Hujjar da ya kafa kowa zai iya auna ta: hadisai sun faɗi nasabar Mahadi da sunansa da sunan mahaifinsa da wurin haihuwarsa, shi kuwa Usmanu ne ɗan Muhammadu, haifaffen Maratta a ƙasar baƙar fata. Ya ƙara da cewa bai yi da'awar walittaka ko ƙuɗubanci ba, ya lissafo abin da ake jingina masa na tashi sama da tafiya a kan ruwa da naɗe ƙasa da hidimar aljanu, ya nesanta kansa da su. Ya kuma ambaci cewa ya tsara waƙoƙi da ajami don ƙaryata waɗannan maganganu. Wannan na da muhimmanci, domin Larabci malamai kawai ke karantawa, jita-jitar kuwa a bakin talakawa take. Sai ya kai gyaran inda ɓarnar take, cikin harshen da makiyayi da mai daka suke ji.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Shehu Baƙadire ne, ya yi imani da karamar waliyyai, kuma shi kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara 40 ya ga Manzon Allah (SAW) da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Ya kuma yarda cewa bayyanar Mahadi ta kusa. Iyakar da ya shata ita ce tsakanin abin da ya san ya faru da shi, wanda ya faɗa da bakinsa, da abin da mutane suka ƙirƙira masa, wanda ya ƙi karɓa ko da yana amfanarsa. Bai taɓa neman a bi shi don ya san abin da ke zuciyar wani ba. Ya bar littattafai fiye da 100 da Larabci, cike da ambaton malaman da ya ɗauko maganarsu, ta yadda ɗalibi zai iya buɗe asali ya duba ko daidai ya faɗa.

Bayan an rufe shi

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817, yana da shekara 62. Aka rufe shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare a yau. Labaran da ya yi ƙoƙarin tsayarwa kuwa suka ci gaba da tafiya. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin 'yarsa Nana Asma'u, ya tattara karamominsa a littafin Raudul Jinan, daga nan bakin jama'a ya ɗauka ya yi ta ƙari, har ta kai mutane da yawa sun san Shehu mai tashi sama fiye da Shehu mai musanta hakan.

Abin da ya yi gargaɗi a kansa bai daɗe ba ya bayyana. Jikan Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan a shekarun 1880. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da sunan Mahadiyya, suka ci Turawa a karon farko, sannan aka dawo aka shafe garin. Ƙorafinsu a kan mulkin mallaka gaskiya ne, amma alkawarin nasara daga gaibu bai tare musu harsashi ba. A Disamban 1980 mabiyan Muhammadu Marwa Maitatsine suka fuskanci jami'an tsaro a Kano, da yawansu sun amince layu za su kare su, aka rasa rayuka fiye da 4,000.

A yau ɗan dabon da ke tara yara a kasuwar mako shi ne mafi ƙarancin haɗari a wannan sahu, domin ko bai faɗa ba yawancin manya sun san rufa-ido ne. Wanda ya fi cutarwa shi ne ɗan tsibbun da ke karɓe jarin bazawara da alkawarin ninka mata shi, da ɗan duban da ke sayar wa ɗan takara labarin nasara, da jagoran addini ko na siyasa da yake jin yaransa suna yaɗa cewa ƙarfe ba ya kama shi, ko duk wanda ya taɓa shi sai ya ga bala'i, ya yi shiru ya bar kaza cikin gashinta saboda tsoron yana masa aiki. Irin wannan shiru yana sa talaka ya daina tambayar kuɗin rijiya da na asibiti, tunda wa zai tuhumi wanda aka ce yana gani har hanji?

Shehu Usmanu ya sami damar yin wannan shiru, a lokacin da babu jarida ko kotun da za ta tuhume shi, kuma babu wanda zai iya ƙaryata labarin sai shi kaɗai. Ya zaɓi ya rubuta, da Larabci da ajami, cewa ba haka ba ne. Masu neman a bi su a yau, a masallaci ko a dandalin siyasa, da wannan ma'auni ya kamata a gwada su: me suka yi da ƙaryar da ke amfanarsu?