Fela Anikulapo Kuti: Mawaƙin Legas da ya jefar da sunan Bature, ya ƙi sayar da bakinsa

Duk wanda ya taɓa zama a Mushin, Idi-Araba ko Agege, da wuya a ce bai taɓa jin kiɗan Fela yana tashi daga shagon mai sayar da kaset ko daga cikin motar danfo ba. Da yawanmu abin da muka riƙe game da shi bai wuce hotonsa ba riga, da shan wiwi, da tarin matansa ba. To amma bayan wannan hoton akwai labarin mutumin da ya shafe shekara kusan talatin yana fafatawa da gwamnatoci, da kamfanonin faifai, har ma da kansa, a kan tambaya guda: wane ne shi, kuma wa ke da ikon gaya masa abin da zai rera?

Ɗan gidan boko

An haifi Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti ranar 15 ga Oktoba, 1938 a Abeokuta. Mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne, shugaban makarantar Abeokuta Grammar School, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. Mahaifiyarsa Funmilayo ita ce ta jagoranci matan kasuwar Abeokuta suka yi bore kan haraji, har sai da Alake na Egba ya bar gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Yayansa Olikoye da ƙanensa Beko duk likitoci suka zama, marubuci Wole Soyinka kuma ɗan uwansu ne.

Gida ne na tarbiyyar mishan: waƙoƙin coci, fiyano, Turancin Ingila, da bulala idan yaro ya kauce. A 1958 Fela ya tafi Landan ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity, inda ya koyi busa kakakin Turawa da ƙa'idojin kiɗansu. A can ya kafa rukunin makaɗa mai suna Koola Lobitos, a can kuma ya auri matarsa ta farko, Remi, mahaifiyar Yeni da Femi da Sola.

Ya dawo gida a 1963 ya kama aiki a gidan rediyon tarayya a Legas, yana kuma kiɗan dare. Matsalar ita ce kiɗan nasa ba shi da uwa ba shi da uba. Ya gauraya jaz na Amurka da hailaif, masu rawa ba su gane masa ba. Ana cikin haka Geraldo Pino na Saliyo ya shigo Legas da kayan kiɗa na zamani yana kwaikwayon James Brown, samari suka koma wajensa. Wannan ya yi wa Fela ciwo ƙwarai. Ya ga cewa muddin kwaikwayo ne, kullum akwai wanda zai fi shi. A ƙarshen shekarun 1960 ya raɗa wa kiɗansa suna Afrobeat, amma a lokacin sunan ne kawai ya samu, kiɗan bai nuna ba tukuna.

Amurka ta buɗe masa ido

A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya kwashi yaransa suka tafi Amurka neman suna. Sun yi kusan wata goma a Los Angeles cikin talauci, ga matsalar takardun zama. A nan ya haɗu da wata baƙar Ba'amurkiya, Sandra Smith, mai alaƙa da gwagwarmayar baƙaƙen fata. Ita ta ba shi littafin tarihin rayuwar Malcolm X da wasu littattafai kan tarihin Afirka.

Abin mamaki, sai da ɗan Abeokuta ya tsallaka teku sannan ya gane darajar abin da ya baro a gida. Ya ga baƙaƙen Amurka suna neman asalinsu ido rufe, shi kuwa da aka haifa cikin asalin yana ta ƙoƙarin zama Bature. Ya dawo Legas a 1970 ya zama wani mutum daban. Rukunin ya koma Nigeria 70, daga baya Africa 70. Tare da makaɗin ganga Tony Allen suka gina salon da duniya ta sani yau: ganguna masu sarƙaƙiya, jita mai maimaita amo guda, busa mai ƙarfi, da 'yan amshi mata. Waƙar Jeun Koku ce ta fara fito da shi a farkon shekarun 1970.

Sai kuma ya yanke wata shawara mai nauyi game da harshe. Da ya tsaya kan Yarbanci, da waƙarsa ta maƙale a Kudu maso Yamma. Da ya yi Turancin makaranta, da 'yan boko kaɗai za su saurara. Sai ya zaɓi buroka, harshen tasha da kasuwa da bariki, wanda Bahaushe mai canji da Inyamuri mai shago da Bayerabe direba duk suke ji. Da wannan ne saƙonsa ya isa har Accra da Douala.

A 1975 ya jefar da sunan Ransome, wanda ya ɗauka a matsayin tambarin bauta da mulkin mallaka, ya ɗauki Anikulapo, ma'ana wanda ke ɗauke da mutuwa a cikin jakarsa. Mahaifiyarsa ma ta bi shi ta sauya nata.

Shi da kamfanonin faifai

A wancan zamani, hanyar cin abincin mawaƙi a Legas sananniya ce, kuma mu ma mun san irinta a gida: ka wasa mai kuɗi a wajen biki, ya yi maka liƙi. Fela ya ƙi wannan hanya. Maimakon ya yabi manya, sai ya riƙa kama sunansu yana tona musu asiri. Ya buɗe gidan rawarsa, Afrika Shrine, don kada ya dogara da gayyatar kowa.

Ya kuma kafa wa kansa wasu dokoki da suka saɓa wa kasuwa. Waƙarsa guda takan kai minti goma sha biyar zuwa talatin, ta cinye fuskar faifai sukutum, kuma sai an daɗe ana kiɗa kafin ya buɗe baki. Gidajen rediyo kuwa waƙar minti uku suke so. Sannan da zarar ya naɗi waƙa a faifai, ya daina rera ta a dandali. Mutane su biya kuɗi don jin tsohuwar waƙar da suke ƙauna, shi kuma ya ba su sabuwa. Masu shirya wasa a Turai sun sha fama da shi kan haka.

Ba wai bai yi hulɗa da Turawa ba ne. Ya yi faifai tare da makaɗin Ingila Ginger Baker a 1971, kuma kamfanonin EMI da Decca sun fitar da ayyukansa. Amma kullum yana zargin cewa ana kwasar arzikin kiɗan Afirka ana barin masu shi da hamma. Lokacin da Paul McCartney ya zo Legas naɗar faifai a 1973, Fela ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, har sai da McCartney ya kunna masa abin da ya naɗa ya ji da kunnensa. Tsakaninsa da Decca ma ta yi tsami kan kuɗin da ya ce yana bin su, har ya kwashi jama'arsa suka tare a ofishin kamfanin a Legas na tsawon makonni. Manajansa Rikki Stein ya sha ba da labarin yadda kamfanin Motown na Amurka ya yi masa tayin yarjejeniya ta maƙudan kuɗi a farkon shekarun 1980, Fela ya ƙi sa hannu. Mawaƙa nawa ne za su iya juya wa irin wannan tayi baya?

Ranar da aka ƙona Kalakuta

Gidansa na lamba 14 a titin Agege Motor Road, a Idi-Oro, ya kewaye shi da waya ya kira shi Jamhuriyar Kalakuta, sunan da ya samo daga wani ɗakin tsare mutane da aka kulle shi a ofishin 'yan sanda na Alagbon a 1974. A cikin gidan akwai situdiyo, da ƙaramin asibiti da Beko ke kula da shi, da mutane da dama da ke ci a ƙarƙashinsa.

Waƙar Zombie ce ta kai rikicinsa da sojoji ƙololuwa, domin a cikinta ya kwatanta soja da gawar da ke bin umarni ba tare da tunani ba. Yara suka riƙa tsokanar sojoji da ita a titi. Ga shi kuma ya ƙaurace wa bikin FESTAC na 1977, manyan baƙi irin su Stevie Wonder suka riƙa zuwa Shrine da dare.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kusan dubu suka kewaye Kalakuta. Aka lakaɗa wa mazauna gidan duka, aka ci zarafin mata, aka ji wa Fela munanan raunuka, aka cinna wa gidan wuta da kayan kiɗa da faifan asali. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, aka jeho ta daga tagar bene. Ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu a watan Afrilu 1978. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora laifin kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba, kotu kuma ta yi watsi da ƙarar diyyar da iyalin suka shigar.

Amsar Fela ita ce ƙarin waƙa. Ya fitar da Sorrow Tears and Blood a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa, sannan Unknown Soldier. A 1979, ana dab da miƙa mulki ga Shagari, ya kai akwatin gawa ƙofar Barikin Dodan, fadar gwamnatin Obasanjo, abin da ya zama waƙar Coffin for Head of State. Ya kafa jam'iyyar Movement of the People don neman shugabancin ƙasa, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi mata rajista.

Farashin taurin kai

Wannan hanya ta ci shi da tsada. Bayan wasan Berlin na 1978, yawancin makaɗansa suka watse saboda rikicin kuɗi, Tony Allen ma ya kama gabansa. Ya sake gina rukuni ya kira shi Egypt 80. A watan Satumba 1984, zamanin mulkin Janar Buhari, aka kama shi a filin jirgin saman Legas yana shirin tafiya wasa Amurka, bisa zargin fita da kuɗin waje ba bisa ƙa'ida ba. Aka yanke masa shekara biyar, aka yi ta yawo da shi gidajen yari har da na Maiduguri. Ƙungiyar Amnesty ta ayyana shi a matsayin fursunan ra'ayi. Gwamnatin Babangida ta sake shi a watan Afrilu 1986, bayan kusan wata ashirin.

Gaskiya dai, Fela ba waliyyi ba ne, kuma akwai abubuwa da yawa a rayuwarsa da ba za mu so 'ya'yanmu su kwaikwaya ba. Ya mayar da wiwi abin alfahari. A 1978 ya auri mata 27 a rana guda, ya kuma saki waɗanda suka rage a cikinsu bayan fitowarsa daga kurkuku. Mata da dama sun soki yadda yake kallon mace, abin da ke da ban mamaki ga ɗan Funmilayo. Ya soki Musulunci da Kiristanci duka a matsayin addinan da aka shigo da su, musamman a waƙar Shuffering and Shmiling, wanda ya sa Musulmi da yawa ba su taɓa sakin jiki da shi ba. A shekarunsa na baya ya faɗa hannun wani boka ɗan Ghana da ake kira Farfesa Hindu, ya kuma ƙi yarda da maganin asibiti. Neman asalin da ya ba shi ƙarfi, shi ne a ƙarshe ya toshe masa kunne daga shawarar 'yan uwansa likitoci.

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997 yana da shekara 58. Washegari yayansa Farfesa Olikoye, tsohon ministan lafiya, ya sanar wa duniya cewa cuta mai karya garkuwar jiki ce ajalinsa, a lokacin da ake ɓoye irin wannan magana. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi dafifi a dandalin Tafawa Balewa da kan hanya, aka raka gawar har gidansa na titin Gbemisola a Ikeja, inda aka binne shi. Gidan yanzu ya zama gidan tarihi.

Abin da ya bari

Yeni da Femi sun buɗe New Afrika Shrine a Agidingbi a shekarar 2000, ƙaninsu Seun ya gaji rukunin Egypt 80, kuma duk watan Oktoba ana bikin Felabration. Shugaban Faransa Macron ya ziyarci wurin a 2018, gwamnan Legas na gefensa. Wato dai mutumin da hukuma ta kama ba adadi, yau da sunansa ake tallata birnin.

Matasan mawaƙa na yau, har da namu masu waƙar Hausa a Agege da Sabon Ibadan, suna fuskantar irin tambayoyin da ya fuskanta: da wane harshe za ka rera, wa ya mallaki waƙarka bayan ka sa hannu a takarda, kuma me za ka yi idan ɗan siyasa ya zo da jakar kuɗi a lokacin zaɓe? Fela ya zaɓi tasa amsar, ya biya da gidansa, da mahaifiyarsa, da lafiyar jikinsa. Mutum zai iya ƙin halayensa, amma babu wanda zai ce an taɓa sayen bakinsa.